Na'urorinmu ba sa kan intanet, akwai abin tsoro?

Ɗan'uwa, ka ce na'urorin da ke sarrafa famfuna a tashar ruwan da kake aiki ba a haɗa su da intanet ba, kana tambaya ko masu kutse za su iya taɓa ku. Za su iya. Na daɗe ina aikin PLC (ƙananan kwamfutocin da ke sarrafa injina) da SCADA (tsarin da ake lura da injinan a kuma ba su umarni daga ɗakin kulawa), kuma babu maganar da ke tayar min da hankali irin wannan ta "ai mu ba ma kan intanet".

Cibiyar nukiliya ta Natanz a Iran a killace take, amma muguwar manhajar kwamfuta mai suna Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta isa ciki, kuma ta filas take yaɗuwa. Ta riƙa sauya gudun injinan tace yuraniyom ta hanyar PLC ɗin Siemens, alhali allon ma'aikata yana nuna musu komai lafiya lau.

Kafin ka yarda a killace kuke, buɗe akwatunan na'urorin ɗaya bayan ɗaya ka duba da idonka. Na taɓa buɗe wani na tarar da ƙaramin modem (na'urar haɗawa da intanet) mai layin waya a maƙale bayan wayoyi, fitilarsa tana ƙiftawa. Ɗan kwangila ne ya saka don ya riƙa gyara daga nesa, da kalmar sirrin da modem ɗin ya zo da ita daga kamfani, kuma babu wanda ya sani a cikin shugabanni. Haka kwamfutar injiniyan da ke zuwa gyara: jiya tana kan intanet, yau an jona ta a jikin PLC. Ita kuwa Modbus, ƙa'idar da na'urorin ke aika wa juna umarni da ita, da aka ƙirƙira tun 1979, ba ta tambayar waye kai. Duk wanda ya iso layin ya ce a rufe bawul, za a rufe.

A Yukren, ranar 23 ga Disamba 2015, ta imel ɗin ofis masu kutse suka fara shiga kamfanonin rarraba wutar lantarki tun watanni kafin nan, sannan aka katse wutar masu amfani kusan 225,000. Abin da ya cece su shi ne ma'aikata sun je tashoshin sun mayar da wuta da hannu. Don Allah kada ku bari mutanenku su manta yadda ake tafiyar da famfo da hannu.

Ku raba layin ofis da na injina, ku hana jona kowace filas, ku rufe asusun duk wanda ya bar aiki. Tsohon asusun VPN (hanyar shiga layin kamfani daga nesa) mai kalmar sirri kaɗai ne ya jawo rufe bututun man Colonial a Amurka a 2021. Ku ajiye kwafin shirin kowane PLC a wajen layi, ku gwada mayar da shi. Kuma kada ka bari 'yan sashen kwamfuta su saki manhajar binciken layi ana tsakiyar aiki, tsohon PLC yana iya sandarewa. Ku jira ranar da aka tsayar da injina don gyara.