Farin Tabo a Bakin Mahaifa: Shin Sankara Ce?

Tambaya: Likita, ina gaisuwa. Shekaruna 38, ƴaƴana biyar. Ungozoma ta duba ni, ta shafa wani ruwa mai tsami a bakin mahaifata, ta ce ta ga farin tabo, ƙwayoyin wurin sun fara canzawa amma ba sankara ba ce, in koma a yi mini magani. Ni kuwa ba na jin ciwon komai. Yayata tana da ƙari a mahaifa shekara da shekaru, kuma tana harkokinta lafiya lau. Ashe ba abu ɗaya ba ne, in bar shi kawai? Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara lafiya. Ba abu ɗaya ba ne, kuma ina roƙonki kada ki bar shi.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kowace tana rabuwa gida biyu idan jiki ya bukata, ta dakata idan bukatar ta ƙare, kuma tana girma ta ɗauki kamar aikin da aka halicce ta dominsa, ta fata daban, ta tsoka daban. Ba kowane girma ne cuta ba, domin mahaifa kanta takan ninka girmanta lokacin goyon ciki, ta koma bayan haihuwa.

Idan ƙarin yayarki irin wanda aka fi gani ne, wanda likitoci ke kira fibrom, to ƙwayoyin tsokar mahaifa ne suka yi yawa suka dunƙule wuri guda, amma ba su bar kamarsu ba, ba sa kuma ratsawa zuwa wasu sassan jiki. Yakan sa zubar jini mai yawa ko nauyin mara, sai dai da wuya ƙwarai ya zama sankara.

Naki ya sha bamban. Fatar bakin mahaifa jeri-jeri take, kamar tubalin da magini ya ɗora a katanga: sababbin ƙwayoyi a ƙasa, waɗanda suka nuna a sama. Idan ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ta daɗe a wurin, sai jerin ya rikice, ƙwayoyin su yi ta rabuwa ba tare da sun nuna ba, girmansu da siffarsu su saɓa. Muddin suna cikin fatar, ba sankara ba ce, kuma ungozomar gaskiya ta faɗa miki. Ranar da suka huda siririn shingen da ke ƙarƙashinsu suka shiga nama, daga nan ne sunan ke canzawa. Nau'i biyu na wannan ƙwayar cuta, 16 da 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Kamuwa da ita ba abin zargi ba ne, domin yawancin masu aure sukan gamu da ita, jikinsu ya kawar da ita ba su sani ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne zancen rashin jin ciwo, domin shi ke yaudarar mata da yawa. Wannan canji ba ya ciwo ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama sankara, ko 5 zuwa 10 ga wadda garkuwar jikinta ta raunana, kamar mai ƙanjamau da ba ta shan magani. Wani tabon yakan washe da kansa, amma babu mai iya tabbatar miki naki yana cikinsu.

Maganinsa a yanzu mai sauƙi ne: ana ƙona tabon da sanyi ko da zafi cikin ƴan mintoci, ba a sa ki barci, ki koma gida a ranar, kuma mahaifarki tana nan. Idan aka bari ya wuce nan, magana ta koma tiyata da gashi, wato ƙona sankarar da haske na musamman, a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. Ki koma wurin ungozomar cikin wannan mako, ki sanar da maigida cewa za a bukaci ku dakata da saduwa kamar wata guda bayan aikin, sannan ki tambayi ranar da za a sake duba ki.