Tambayi Likita: Launukan da ake gani a hoton ƙwaƙwalwa

Wani ɗalibi daga Garin Malam ya ce yana ganin hotunan ƙwaƙwalwa masu ɗigon ja da rawaya, ko haka na'ura take ganinta?

Ɗana, launukan nan sakamakon lissafi ne da aka shafa a kan hoton. Na'urar MRI, wadda muka fi sani da IRM a nan Damagaram, idan ana gwajin aikin ƙwaƙwalwa da ake kira fMRI, tana bin sauyin iskar oksijin a cikin jini, dabarar da masanin kimiyya Seiji Ogawa ya bayyana a 1990, domin sashen da ya kama aiki jini yakan ƙaru gare shi bayan daƙiƙa 4 zuwa 6. Kwamfuta takan yanka ƙwaƙwalwar gida-gida, kowane gida kamar milimita 3, ta gwada ko sauyinsa ya zarce abin da dace kawai zai iya kawowa. Wanda ya zarce shi ake shafa wa launi.

Wani malami daga Mirriya ya tambaya ko lissafin yana kuskure.

Yana yi, Malam, kuma wannan ne ya fi damuna. Idan aka gwada gida 100,000, aka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, to kusan gida 5,000 za su yi haske ko da babu abin da ya faru. A 2009 mai bincike Craig Bennett da abokan aikinsa sun saka mataccen kifi a na'urar, suka samu ɗigon “aiki” a ƙwaƙwalwarsa saboda ba su gyara lissafin ba da gangan. Ɗaya daga cikin hanyoyin gyaran ta dogara ne da cewa gidajen da ke maƙwabtaka sukan yi motsi tare, don haka ake auna girman gungu maimakon ɗigo guda. Ko wannan hanyar, binciken Anders Eklund na 2016 ya nuna cewa a wasu manhajoji yiwuwar ta nuna gungu na ƙarya takan kai kashi 70 cikin 100. Sannan yawancin taswirorin nan matsakaicin mutane da yawa ne, ba a yanke wa majinyaci ɗaya hukunci da su.

Wata uwa daga Birni ta ce ɗanta yana faɗuwa yana kumfa, amma sikana bai nuna komai ba.

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Masu farfaɗiya da yawa hotonsu lafiya lau yake fitowa, domin matsalar tana cikin lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda gwajin EEG ya fi kamawa. Ki koma wurin likitansa da cikakken bayanin yadda abin yake tasowa, kuma kada ki tsayar da maganinsa sai da izinin likita.