Kwale-kwale da gudun ruwa: yadda ake warware lissafin

Ƙanena, ka ce kwale-kwale mai inji ya yi kilomita 24 cikin awa 2 yana bin ruwa, ya dawo cikin awa 3, ana neman gudunsa da gudun ruwan. Abin ba wuya.

Je ka tsaya kan gadar Kennedy a nan Yamai ka dubi kogin Isa. Ruwan daga wajen Tillaberi yake zuwa, ya gangara Gaya. Mai gangarawa ruwa na tura shi, mai hawa kuwa kokawa yake da ruwa. Lissafin ke nan gaba ɗaya.

Kira gudun kwale-kwalen x, gudun ruwa y. Gangarawa: x + y = 24 ÷ 2 = 12. Hawa: x − y = 24 ÷ 3 = 8. Haɗa layukan biyu, y ya ɓace, saura 2x = 20. Ashe x = 10, y kuma 2, kilomita a awa.

Inda 'yan lakwal ke faɗuwa, ni ma na taɓa faɗawa: su haɗa kilomita 48 su raba da awa 5, su samu 9,6, su ce gudun kwale-kwalen ne. A'a, ai ya fi daɗewa a hawa, shi ya ja adadin ƙasa. In an ba ka mintoci, mai da su awa tukuna.