Amsa kan yawan LPC a samfurin hantar ɓera

Wa'alaikumus salam, Malama. Kin ce kin ciro maiƙon bangon ƙwayoyin halitta daga hantar ɓeraye, an auna da mas sipektirometa (na'urar da ke tantance sinadarai ta nauyinsu), sai LPC ya fito da yawa, PC ya ragu (PC wani maiƙo ne na bangon ƙwayar halitta, LPC kuma ragowarsa bayan an gutsure shi), kina zargin na'urar. Da wuya laifinta ne. Ɓarnar ta faru tun tsakanin wuƙa da firiza.

Ko bayan an yanke hanta, sinadarin fosfolaifes bai daina aiki ba: yana gutsure sarƙar kitse ɗaya daga PC, abin da ya saura shi ne LPC. Ga zafin Sakkwato, da a watan Afrilu ake wuce digiri 40, naman da ya jima kan tebur ya riga ya sauya. Ki yanka ƙanana, kamar miligiram 50 kowane, ki jefa cikin ruwan naitirojin nan take, ki ajiye a firiza mai sanyin digiri -80. Firizar -20 da ake ɗauke wa wuta ba wurin ajiya ba ce, domin duk narkewa tana ƙara LPC. Gutsuren da ya narke sau ɗaya, kada a mayar da shi.

Wajen cirowa ki bi hanyar ciro maiƙo da masani Folch ya wallafa a 1957. Miligiram 50 na buƙatar mililita 1 na kulorofom da metanol, kashi 2 na kulorofom da kashi 1 na metanol, mai sanyi, da sinadarin BHT 0.01% don kada iska ta lalata kitsen. Ki zuba maiƙon ma'auni da kika san adadinsa kafin niƙa, ba bayan an gama ba, in ba haka ba asarar da aka yi a hanya ba za ta nuna ba. Ƙara mililita 0.2 na ruwan gishiri 0.9%, ki juya a santirifuj (na'urar da ke juya ruwa da gudu har ya rabu kashi-kashi), ki zuƙo kashin ƙasa ba tare da taɓa farin layin da ke tsakiya ba. Busarwa da iskar naitirojin, ban da zafi. Kwalabe na gilashi kawai. Kulorofom na jiƙo sinadarin roba, sai ki ga lambar nauyi 391, ta wannan sinadarin, ta tsaya ƙiƙam a sakamako.

Wani tarkon kuma: PC 34:1, wani nau'in PC, yana fitowa a lambar nauyi 760.6, amma in sodiyam ya maƙale masa sai ya koma 782.6, daidai inda wani nau'in, PC 36:4, yake. Ki tambayi masu na'urar ko sun raba su ta kolom (bututun da ke rarrabe sinadarai) kafin aunawa, kuma ko sun duba gutsuren 184, wato ɓangaren da PC ke saki idan na'urar ta fasa shi.