Tambayi Likita: Kwamfuta na gano kansar hanta a hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da ciwon hanta nau'in B, an rubuta masa hoton CT a Birnin Kebbi. Na ji ana cewa yanzu kwamfuta ke gano kansa da kanta. Haka ne? Daga mai karatu a Argungu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Akwai irin wannan manhaja, amma likitan hoto ne ke yanke hukunci. Ana horar da ita da ɗimbin hotunan da likitoci suka zana iyakar ƙari a kansu, har ta koyi kamanninsa.

Ana yi wa mutum allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, a ɗauki hoto mataki-mataki. Kansar hanta takan yi haske sosai kimanin daƙiƙa 35 bayan allura, daga baya ta dushe fiye da sauran naman hanta. Wannan sauyin manhajar ke bi. Shi ya sa in mai ɗauka ya makara, ko maras lafiya bai riƙe numfashi ba, sai ta rikice. Tana kuma tuntuɓe a ƙarin da bai kai santimita 1 ba, da hantar da ta ƙeƙashe ta yi ƙulle-ƙulle. Ga shi yawancin irin waɗannan manhajoji da hotunan wasu ƙasashe aka horar da su.

Kafin allurar a duba ƙodarsa. Ko hoton ya fita lafiya, ya riƙa yin sikanin ciki da gwajin AFP (gwajin jini na neman alamar kansar hanta) duk wata 6, kuma a raba shi da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna.