Adalci wajen ba da maki a jarrabawar Turancin baka

Malama, kin yi tambaya kan yadda za ki auna Turancin baka na ɗalibanki a Jami'ar Jos ba tare da kin tauye kowa ba, alhali aji ɗaya ya haɗa Hausawa da Birom da Angas da Tarok, kowa da irin lafazinsa.

A ganina, babbar matsalar ita ce malami ya riƙa auna kusancin lafazin ɗalibi da na mutumin Ingila, maimakon ya duba ko ana gane abin da yake faɗa. Binciken masana harshe Munro da Derwing na 1995 ya nuna cewa mutum na iya magana da karin harshen gida mai kauri kuma a fahimce shi sarai. Saboda haka Bahaushen da ke musanya "p" da "f" bai cancanci ragin maki ba, sai inda musanyar ta sauya ma'ana.

Ki rubuta ma'auninki tun kafin jarrabawa, ki raba wa ɗalibai. Tsarin IELTS, wato jarrabawar auna ƙwarewa a Turanci da ake yi a ƙasashen duniya, abin koyi ne, domin yana raba maki daidai wa daida tsakanin gudanar magana, yalwar kalmomi, nahawu da furuci, ta yadda rauni a ɓangare ɗaya ba zai rushe sauran ba.

Ki kuma naɗi muryar kowane ɗalibi a waya, wani malami ya ba da nasa makin ba tare da ya ga naki ba. Kunnenmu ya fi sabawa da lafazin yarenmu, kuma wannan sabon kan shiga maki ba da saninmu ba. Inda makinku ya yi nisa da juna, sai ku sake saurare tare.