Wada daga dogayen iyaye: shin wannan ma gado ne?

Tambaya: Malam, likita ya ce ɗan ƙanwata wada ne, wai cutar gado ce mai suna akondirofilesiya, alhali uwa da uba dogaye ne, babu wada a dangi. Ta yaya ake gadar abin da babu?

Amsa: 'Yar'uwa, kin kama kalmar a inda ya dace. Gado mai jan wasalin farko, ba na kwanciya ba, abu ne da ya sauko daga magabata. Likitoci sun ari kalmar sun faɗaɗa ta: a bakinsu cutar gado ita ce mai tushe a ƙwayar gado, ko da yaron ne ya fara zuwa da ita a zuri'a. Na fi son a ce ƙwayar gado (umarnin ginin jiki da ɗa ke samu daga iyaye) da tantanin halitta (ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi) daban daban, domin "ƙwayar halitta" da ake yawan ji tana cakuɗa biyun.

Ƙwayar da ake magana a kai sunanta FGFR3, tana kan kuromosom na 4 (kuromosom zare ne a cikin tantani da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), a 1994 aka gano hannunta a cutar. Ita ke ƙera wani furotin da ke zaune a fatar tantanin guringuntsi yana karɓar saƙo. Aikinsa na linzami ne: saƙo ya iso, ya ja, guringuntsin bakin dogayen ƙasusuwa ya sassauta girma. A cutar nan harafi ɗaya kawai ke sauyawa a rubutun ƙwayar gadon, sinadarin arjinin ya maye gurbin na gilaisin a matsayi na 380 na jerin sinadaran da suka haɗa furotin ɗin, sai linzamin ya zauna a ɗaure ko saƙo bai zo ba. Ƙashin cinya da na damtse su gajarta, goshi ya turo, gangar jiki kusan daidai, hankali kuwa lafiya lau.

Kusan 80 cikin 100 na irin waɗannan yara iyayensu ba su da cutar. Sauyin sabo ne, galibi a maniyyin uba yake aukuwa, musamman idan ya manyanta. A daina ɗora wa uwa.

Wani zai ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba". Kada a jefa wa yaron nan wannan karin, maganar hali ce da zargi, shi kuwa ƙashi ne bai miƙe ba. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ma rabinta ce ta tabbata a nan: idan ya girma ya auri doguwa, a kowane ciki yiwuwar haifar wada 50 cikin 100 ne. Idan duka biyun suna da ita, ciki 1 cikin 4 kan ɗauki sauyin ta ɓangare biyu, ƙirji ya matse, jaririn da wuya ya rayu.

Ƙanwarki ta riƙa tallafe masa kai da baya, kada ta gaggauta zaunar da shi, domin ramin gindin ƙoƙon kansa matsattse ne, yana iya danne laka. Minshari mai ƙarfi, ɗaukewar numfashi cikin barci ko yawan ciwon kunne, a kai shi asibiti.